Awo da Ido

Na shiga Panteka neman ma'auni.
Maƙeri Barau ya baje su kan buhu,
na tagulla, na ƙarfe, wani duk tsatsa.

Ya ce, "Wa ya koya maka ɗuri?"
Na zaro littafin Baba Jatau,
bango ya sha maiƙo, ajami ya dushe.
A shafi na tara ya zana hannunsa,
yatsu uku kacal,
ƙasa ya rubuta: "Ranar da na yi awo da ido."

Barau ya janye mai arhar, bai ce uffan ba.
Albarushi bai san "yi haƙuri" ba.

Na biya na tagulla ban taya ba,
na nemi motar Kujama.
Birai na can suna rabon masarata.