Baƙin Dutsen Holzmaden

Ottmar ya ɗora kurfi a gefen dutse,
ya buga sau biyu. Dutsen ya buɗe
kamar littafin da ya jiƙe ya bushe.
"Sansana," ya ce da jikarsa Liesel.
Ta yamutsa fuska: "Kaka, warin kananzir!"

Nan da kike tsaye, in ji shi, teku ne a da,
shekara miliyan ɗari da tamanin.
A sama akwai rana, akwai kifi,
da ƙananan halittun da ido ba ya gani.
Su rayu kwana kaɗan, su mutu,
su yi ta sauka
kamar gari daga rariya.

Can ƙasa kuwa ruwa ya daina numfashi.
Ba tsutsa, ba ƙaguwa,
ba mai tona laka ya ci gawa.
Abin da ya faɗi, nan zai kwanta,
laka ta lulluɓe shi, wani ya hau kansa.
Ruɓewa ma aiki ce, yarinya, tana son iska.
Kaurin farcenki na dutsen nan
ya girme ni.

Liesel ta shafa fuskar dutsen.
Ga dodon koɗi a baje, yana ƙyalli kamar zinariya.
"Wannan fa?"
"Shi baƙi ke saye.
Amma baƙin da ya ɓata miki yatsa
na waɗanda ko siffa ba su bari ba ne."

Ta dubi yatsan.
Ba ta goge ba
har suka isa gida, kakarta ta miƙo sabulu.