Harsashi Shida

Daren tafiya na baje kayana a tsakar ɗaki:
Bindigar mashi, tsayinta ya kusa kafaɗata,
Masu uku a bututu, takalman iyo, gilashin ido,
Da ɗan akwatin ƙarfe mai kwaɗo, harsashi shida a ciki.
Na ƙirga su sau biyu, kamar za su iya guduwa.

Ba don kifi ba ne. Kifi, mashi ya ishe shi.
Don shak ne, kurar teku mai haƙora sahu-sahu,
Wadda ta ɗauke wa ƙanena Fergus ƙafa daga gwiwa.

Shekara tara ke nan. Yana gyaran injin jiragen ruwa a Port Lincoln,
In hadari ya taso sai ya sosa ƙafar da babu.
Shi ya kai ni filin jirgi. Bai ce in yi hankali ba,
Ya ce in riƙo masa tsaraba, ko da ƙoƙon kwakwa ne,
Ya juya da sandarsa, babu ko waiwayowa.

A Adelaide takarda, a Auckland takarda,
Sa hannu nan, buɗe can, wannan kuma na mene ne?
Na yi bayani har yawun bakina ya ƙafe,
Layi ya taru a bayana, kowa na kallon kowa.

A Tonga tafiyar harsashi ta ƙare.
Jami'ar kwastan, Kalolaine, da fure a bayan kunne,
Ta juya takarduna ta ce, “Izinin ƙasarku ne wannan. Ina namu?”
Na ba ta labarin Fergus, har gwiwar, har jinin.
Ta saurara tsaf, ta ce Allah ya ƙara masa sauƙi,
Ta kulle akwatin a kabad, ta miƙo mini shuɗin rasit:
“Suna nan. Ka karɓa ranar komawa.”

Kwana biyu a Vava'u ina zaune a gaɓa,
Ina gyaran igiyar da babu abin da ya same ta.
Tsoho Lisiate mai kwalekwale ya ware mini hannuwansa:
“Shekara hamsin ina nutso. Ƙirga yatsun, goma ne.
In ka soki kifi, kar ka rataye shi a ƙugu.
In ta zo, dube ta. In ta nace, sakar mata.
Kasuwarta ce ƙasan nan, kuɗin rumfa ake biya.”
Na ce, to babu wanda ta taɓa ci a garin nan?
Ya daɗe yana duban igiyata.
“Ɗan yayata,” ya ce. “Shi ma ya san duk wannan.”
Ya tura kwalekwalen cikin ruwa.

Gaba goma a ƙasa, numfashi ɗaya a ƙirji,
Na soki wani jan kifi a gindin murjani,
Jininsa ya tashi kore, kamar hayaƙin ɗanyen itace.
Sai ga ta.
Ba gaggawa, ba fushi, toka-toka, tabo a gefen baki,
Idonta kamar maɓallin tsohuwar riga.
Hannuna ya tafi ƙugu, inda harsashi zai kasance,
Ya tarar da fata da bugun zuciya.
Na dube ta. Ta kewaya. Ta sake kewayowa.

Na saki kifin.
Ta karɓa kamar mai karɓar canji, ta wuce abinta,
Na taso ina haɗiyar iska, gishiri da hawaye duk ɗaya,
Lisiate yana ɓare rogo, bai tambaye ni komai ba,
Ya matsa mini wurin zama, ƙafafuna suna rawa.

Ranar komawa rasit ya jiƙe, tawada ta zama gajimare,
Kalolaine ta gane ni duk da haka.
Shida ne cif. Na ƙirga, sau ɗaya.
A jakata akwai ƙoƙon kwakwa na Fergus,
Da labarin da ban san ta inda zan faro masa ba,
Ni da na dawo da ƙafa biyu daga wannan ruwa.