Uwa da Riba

A Kocabamba, gindin duwatsu,
inda kasuwar La Kanca ke haɗiye mutum da asuba
ta tofo shi da magariba,
nan na kafa kurata ta lemon zaƙi,
da abin matsa na hannu, da kofuna sha biyu.
Wata uku aljihuna na cika,
wata uku ban san inda kuɗin ke kwana ba.

Doña Petrona mai dankali, maƙwabciyata,
farar hula, kitso biyu har ƙugu,
ta dube ni ran da na zo da jan takalmi.
"Yovana, da me kika saya?"
Na ce, "Cinikin jiya."
Ta ja tsaki. "Ciniki daban, riba daban.
Kin yanka uwa kin sa a ƙafa.
Wa zai haifa miki gobe?"

Ta miƙo min tsohon littafin jikanta,
rabi jagwalgwalon yaro, rabi fari fat.
"Rubuta lemo. Rubuta ƙanƙara, rubuta kuɗin mota.
Rubuta kofin da ya fashe,
da wanda kike ba yaron nan mai gyaran waya kyauta.
Ina gani."
Daren farko na tara, na ɗebe.
Abin da ya saura ko miya ba zai yi ba.
Na kifa littafin, na yi kuka,
na sake buɗe shi da safe.

Gwangwani uku ta sa na wanke:
ɗaya na lemo, ba a taɓa shi ko ciki na ƙugi,
ɗaya ladana, kamar ni 'yar aikin kaina ce,
na ukun na ranar da ba a fata.

Sai ga yayana Limbert da waya a hannu,
ido na sheƙi: wasu na ninka kuɗi cikin kwana arba'in!
Tsohuwa ba ta ko ɗago daga ma'auni ba.
"Me suke sayarwa?"
Ya ce bai sani ba.
"To, kai ne hajar."
Bai ji ba. Kuɗin babur ɗinsa sun tafi,
har yau a ƙafa yake hawa tudu.

Na tsorata. Na ce nawa sai ƙarƙashin katifa.
Ta yi dariya har da tari,
ta kwance ƙullin zane, ta zaro wata takarda
mai sifili reras kamar ƙwan kwaɗo.
"Ina budurwa, wannan arziki ce.
Kafin shekara ta juyo, ko burodi ba ta saye.
Kuɗin da ke barci, tsada ke ci masa ƙafa
ba tare da ya farka ba."

"To ina zan kai su?"
Ta nuna dutse da haɓa.
"Babana bai taɓa shuka dankali wuri guda ba.
Wani can sama, wani a kwari.
In raɓar ƙanƙara ta ƙone na sama,
na ƙasa ya riƙe gida."

Haka na shiga adashin matan layinmu,
kwasata ta farko ta zama abin matsa na biyu.
Na sa hannun jari kaɗan a gonar lemon kawuna,
bishiya huɗu, da takarda da shaidu.
Bara biyu sun yi tsutsa.
Wannan ma na rubuta.

Shagon da nake mafarki har yanzu na wani ne,
nakan tsaya in ƙirga taku nawa ne faɗinsa.
Jan takalmin ya tsage ta gefe.

Ɗazu rana ta take, na matsa mata kofi guda,
na ce, "Wannan kyauta ne, Doña."
Ta shanye, ta goge baki da bayan hannu,
ta dire sulalla biyu kan kura.
"Rubuta," in ji ta.