Fensir a Cikin Fiffike

Ni ce Iria, 'yar Eladio mai haƙar kwal.
Shekara goma sha ɗaya ina shiga cikin fiffike da rarrafe.
Wanda ya saba hango shi a kan tudu, yana juyi a hankali,
ba zai yarda ba in ya gan shi kwance:
taku tamanin daga gindi zuwa tsini,
ta gindin, ƙaramar mota za ta shige,
ta tsinin, hannun jariri ma sai ya maƙale.
Inda kafaɗata ta ƙi wucewa, nan aikina ya tsaya.

Tocila a goshi, takunkumi a hanci,
ina shafa layin danƙo kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa.
Zaren gilashi ba ya cizo nan take,
sai dare, bayan wanka, yake tunawa da mutum.

Babana ya ba wa rami huhunsa, rami bai ce na gode ba.
Ranar da aka ɗauke ni aiki ya yi tari, ya yi dariya,
ya ce, to, mu mun tono baƙi daga ƙasa,
ku kuma za ku tatsi abin da ba a gani.
Ki dai duba, ko iska tana biyan fansho.

Kamfanin babba ne, mu ɗan yatsansa ne kawai.
Yana ƙera injin jirgi, yana ƙera na'urar asibiti,
a wani bene mai nisa, a garin da ban taɓa zuwa ba,
akwai takardar da sunan garinmu ke layi na sha huɗu.
A watan da ruwan Galisiya ya ƙi ɗaukewa
Brais, shugaban aikin dare, ya tara mu gefen mazubi,
ya karanta wasiƙa da muryar da ba tasa ba:
sashen iska ba ya kawo riba,
fiffiken bana ya yi gajere ga kasuwar baɗi,
za a kai mazubi inda hannu ya fi araha.
Uxía ta tambaya, iskar ce ta daina kaɗawa?
Ba wanda ya amsa. Fanka na ta juyi a rufi.

Na ƙarshe ya fita ƙarfe biyun dare.
An cire fitilun shataletale domin tirela ta samu kwana,
'yan sanda gaba, 'yan sanda baya,
mu a bakin titi cikin rigunan ruwa,
kamar masu rakiyar gawar da ta fi makabarta tsawo.

Ga abin da ban faɗa wa Brais ba.
Shekara huɗu da suka wuce, wata Talata,
guntun fensirina ya suɓuce can ƙuryar wani fiffike,
ya gangara inda hannu ba ya kaiwa.
Na fito, na sa hannu a takarda: ba a bar komai ciki ba.
Lambar na riƙe, ban manta ba.

Yanzu ran Lahadi nakan tura keken babana zuwa tudu.
Dawakin jeji na kiwo a ƙarƙashin inuwa mai wucewa, mai dawowa,
ko kunne ba sa ɗagawa.
Na bakwai daga hagu, nan muke tsayawa.
Ya ce ba ya jin komai sai shuu, shuu.
Ni kuwa, duk juyi ɗaya,
ina jin ƙas,
ɗan ƙaramin ƙas,
fensirina na faɗowa daga sama, ana sake ɗaga shi.

Takardar kuɗin wuta ta zo jiya, ta ƙaru.
Na ajiye ta ƙarƙashin kwalbar maganinsa
don kada iska ta ɗauke.