Kuɗin Ga-ruwa

Ran ɗaya ga wata, tun ban buɗe kemis ba,
saƙon Gyang ya riga ni isa Gangare:
dubu huɗu da ɗari biyar, kuɗin manhaja.
Na tsaya da makulli a hannu, sanyi na cizon yatsuna,
ina lissafin katin farasitamol nawa ke nan.

Sahabi mai gyaran waya ya leƙo yana dariya.
Ya ce, Malam Tanimu, an yi maka sakiyar da ba ruwa.
Tushen abin nan kyauta ne, a buɗe yake kamar filin Polo.
Wasu bayin Allah suka rubuta, suka ajiye a bakin hanya,
mai ɗiba ya ɗiba, mai ƙari ya ƙara.
Yaron nan fenti ya shafa, ya liƙa sunansa.

Maganar ta tsaya mini a rai.
Daren Asabar na sauke na kyautar da kaina.
Datar dubu biyu ta bi ruwa.
Allo ya yi baƙi, ya zubo rubutu
kamar an fasa gidan tururuwa,
yana tambayata abin da ban san ana tambaya ba.
Ƙarfe biyu, shayi ya huce,
Ladidi ta ce ko in kashe ko in koma falo.

Kyauta ne, ban musa ba.
Dutsen Shere ma kyauta ne.
Je ka ɗauko shi ka kai gida.

Da safe Ɗan'azumi ya turo kurarsa,
jarka goma sha biyu, jijiyar wuya a miƙe.
Ban taɓa ce masa ruwa na Allah ne ba.
Na san na Allah ne.
Tudun da ya hauro da shi nake biya.

Amma kada in yi wa kaina daɗin baki.
Bara wani a Taminus ya sayar mini da irinta,
wata uku lambarsa ta daina shiga,
bashin mutum arba'in ya nutse a ciki
kamar akuya a tsohon ramin kuza.

Shi ya sa da Gyang ya zo, ruwa na tsiyaya daga rigarsa,
don na ce rasit ya ƙi fita,
na bari sai da ya gyara, na ce:
in gobe Abuja ta kira ka, lissafina fa?
Ya nuna mini wani ɗan maɓalli a kusurwa.
Ya ce danna nan, ka kwashe kayanka, ka kai wa wanda ka so.
Ƙofar ba tawa ba ce, ba ni da ikon kulle ta.

Na ce, to su da suka haƙa rijiyar,
ka taɓa miƙa musu ko na goro?
Ya sosa ƙeya.
Ya ce sau biyu ya tura musu gyara. Kuɗi dai tukuna.

Na tura. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu.
Da la'asar manhajar ta tuna mini
kwalba tara na maganin tari sun kusa lalacewa.
Sahabi har yanzu dariya yake.
Ni kuwa ina tunanin mahaƙan da ban san sunansu ba,
ko a garinsu ma ana ruwa yanzu.

Wata mai zuwa zan sake tambayarsa.