Shaidar Buzuzu

Sun same shi a dajin Notec, can ƙasan gangare,
ran uku ga Oktoba,
kwandon naman kazarsa a kife, wuƙar na ciki.
Sajan Kurek ya ja igiya ya zagaye wurin,
ya toshe hanci da gefen hula,
ya ce, "Dobrawa, sauran naki ne."

Na durƙusa.
Ba fuska nake nema ba, fuska ta riga ta tafi.
Ƙasar da ke ƙarƙashin kafaɗarsa nake tonawa da cokali,
sannu sannu, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Ƙuda ɗan gaggawa ne.
Kafin jiki ya huce ya iso, ya zuba ƙwai,
'ya'yansa su ci, su watse.
In an makara, maganarsa ta ƙare.
Buzuzun mushe kuwa sai wari ya nuna,
ya zo da dare, baƙi wuluk,
bakin ƙahonsa ja kamar an tsoma a manja.
Ba a kan nama take haihuwa ba, uwar.
Gefe take komawa, ta binne ƙwai a ƙasa mai laima,
ta bar su.

Kwana kaɗan su fashe.
Tsutsa ta fito da sulke a baya, gaɓa gaɓa,
ta ci har riga ta matse, ta tuɓe,
ta ci, ta sake tuɓewa.
A riga ta uku sai ci ya fita ranta,
ta nutse ƙasa, ta murza jiki har ta shafe wa kanta ɗaki,
ta kwanta jiran fiffike.

Goma sha bakwai na tsinta da hantsaki, duk masu riga ta uku.
Ɗaya kuma can ƙasa, zurfin yatsa,
ta riga ta rufe ƙofa.

Su ba su san Litinin ba, ba su san Talata ba.
Ɗumi suke ƙirgawa.
Daren sanyi ya ja musu linzami, rana ta sake su.
Don haka na binne ma'aunin zafi a gurbin da ya kwanta,
na karɓo lissafin yanayi na wata guda,
na zauna da madubin ƙara girma ina awon faɗin kawuna
har shayina ya yi sanyi sau biyu.

Halszka na zaune a baranda tun safe,
rigar sanyin mahaifinta a cinya.
Ba ta tambayi me ya kashe Ludomir ba.
Ta ce, "Ran sha huɗu ga Satumba aka daina nema.
Karnuka sun gaji, ruwa na zuba.
Ni na ce a daina.
Yana numfashi a lokacin?"

Na juya takardar ta fuskance ta.
Na ce, an binne ƙwan nan tsakanin tara da sha biyu ga wata,
ba zan iya matse shi fiye da haka ba.
Ba su san ranar da ya tafi ba,
ranar da suka zo kaɗai suka sani.
Amma ba sa zuwa wurin mai rai,
kuma ba sa zuwa da wuri.

Ta ƙirga da yatsu. Ta sake ƙirgawa.
Ta ce, "Kenan ranar da nake ta kiran sunansa a bakin rafi..."
Na ce, eh.
Ta ninke rigar gida huɗu,
ta tambaya ko za a ba ta kwandon.

Wadda ta rufe ƙofa na ajiye a kwalba, da ƙasarta.
Yau da na shigo ofis, an fara ƙanƙara a waje,
na tarar ta fito,
jikinta fari fari, bai gama yin baƙi ba,
tana hawa gilashi tana zamewa.
Na rubuta kwanan wata a jikin kwalbar,
sannan na cire safar hannu.