Mai Gyara Ya Zo Gyara

Shekara talatin da ɗaya ina Kasuwar Barci,
rumfa ta uku bayan masu katifa,
ina buɗe bayan rediyo
ina farautar wayar da ta tsinke.
In akwati ya yi shiru, a kai wa Tanimu.

Sai hannun dama ya fara gardama.
Da fari babban yatsa ne kawai,
yana jan carbin da babu shi.
Daga baya dalma ta ɗiga inda ba a aike ta ba,
na ƙona rediyon wani ɗan sanda,
na biya, na rufe rumfa tun kafin la'asar.
Laure ta koma zuba min rabin kofin koko.
Ba ta ce komai ba. Ni ma ban tambaya ba.

An ce sammu, an ce sanyi ne ya shiga jijiya.
Ƙwayar asibiti ta yi min shekara shida
sannan ita ma ta gaji.

Ɗana ya sayar da filinsa na Rigasa,
aka kai ni ƙasar da ban iya gaisuwarsu ba.
Suka aske ni, suka huda ƙoƙon kai ina farke,
ina jin ƙarar kamar injin markaɗe a maƙwabta.
Suka zura waya siririya can ciki.
Suka ce, ɗaga hannu. Na ɗaga, yana kaɗawa.
Wani ya taɓa wani abu.
Hannun ya tsaya cik,
kamar yaro mai ƙiriniya da ya ji takun ubansa.
Hawaye ya zubo, kai a ɗaure cikin ƙarfe,
wata baƙuwa ce ta share min.

Yanzu batir na kwance ƙarƙashin ƙashin wuyana,
tudu kamar akwatin ashana.
Jikata Hajjo takan danna shi da yatsa:
Kaka, wace tasha ce yau?

In wuta ta kwana uku ba ta zo Tudun Wada ba,
maƙwabta na kukan firji,
ni ina lissafin hannuna.
Nakan kai macajina shagon Isiyaku
ya kwanta cikin wayoyin 'yan acaba.

Dakta Kasang ce ke saita ni.
In ta ƙara, harshe ya yi nauyi,
in ta rage, rawar ta leƙo.
Ta ce, Baba, ciwon yana nan fa,
murya kawai muka rage masa.
Na ce, 'yar nan, sana'ata kike gaya min.
Na san yadda tasha ke ɓuya
tsakanin shuu da shuu.

Jiya na buɗe rumfa.
Har azahar ba kowa, duniya ta koma waya.
Can sai ga wani tsoho da rediyo a buhu.
Na hura gawayi, na ɗora ƙarfe,
na ɗiga dalma ɗigo ɗaya, inda na nufa.
Ta yi tari, ta kama magana,
ana faɗin farashin masara.
Muka zauna ni da shi muka saurara har ƙarshe.